Bashin gida ya fi kuɗin gidan: in sayar da giɓi ko in bari a yi gwanjo?

"Assalamu alaikum. Ina zaune a jihar Jojiya ta Amurka, kusa da Atlanta. Na sayi gida da bashin banki a 2022, ina biyan dala 2,400 duk wata. A bana an rage mana awannin aiki, yau wata uku ke nan ban biya ba. Ragowar bashin dala 312,000 ne, akwai kuma wani na dala 18,000 da na ci don gyaran rufi, shi ma gidan aka jingina. Wani dillali ya duba ya ce gidan ba zai wuce dala 295,000 ba, ya ce in yi abin da suke kira shot sel, wai banki zai karɓi abin da aka samu ya ƙyale ni. Gaskiya ne? Kuma ƙanena yana da hali, zai iya saye ya ba ni haya in ci gaba da zama a ciki? Wasiƙun bankin ma na daina buɗewa."

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya yaye, ya buɗa wata ƙofar. In na fahimce ka, abu uku kake son sani: ko banki zai yarda a sayar da gidan ƙasa da abin da yake bin ka, ko yin hakan zai raba ka da bashin gaba ɗaya, da kuma ko ƙanenka zai iya zama mai saye. Na farko, yana iya yarda. Na biyu, sai in an rubuta a takarda. Na uku, a irin wannan cinikin ba zai yiwu ba, ko da yake akwai inda kuɗinsa zai yi maka amfani fiye da haka.

Ni dillalin gidaje ne, na daɗe ina zama tsakanin masu gida da bankuna a irin wannan ciniki na shot sel, wato sayar da gida da giɓi, ƙasa da bashin da ke kansa, tun shekarun da kasuwar gidaje ta durƙushe. Ba lauya ba ne ni, ba kuma mai lissafin haraji ba, kuma ban ga takardunka ba. Inda maganar ta shiga hurumin waɗannan mutane biyu zan nuna maka. Amma abin da ya fi ɗaga mini hankali a saƙonka shi ne maganarka ta ƙarshe, ta wasiƙun da ba ka buɗewa, don haka da ita zan fara.

Kwanakin da suka rage maka

Tun 2014 hukumar kare masu hulɗa da cibiyoyin kuɗi, wato CFPB, ta kafa ƙa'ida cewa kamfanin da ke karɓar kuɗin bashin gida ba zai fara matakin ƙwace gidan da mutum yake zaune a ciki ba sai biya ya makara fiye da kwana 120. Kai kana wajen kwana 90. Ke nan abin da ya rage maka bai wuce wata guda ba kafin a sakar musu hannu.

Abin da zai biyo baya ya danganta da jihar da mutum yake. A Fulorida, alal misali, sai banki ya kai ƙara kotu, shari'a ta ɗauki watanni masu yawa, wani lokaci ta haura shekara. Jojiya ba haka take ba. A nan ba a bukatar alƙali kafin a yi gwanjon gida. Doka ta ce a aiko maka da sanarwa aƙalla kwana 30 kafin ranar gwanjon, a buga talla a jaridar gunduma mako huɗu a jere, sannan a ranar Talatar farko ta wata a tsaya a ƙofar kotun gunduma a yi gwanjo. Tana cikin jihohin da suka fi sauri a duk ƙasar.

Ga inda mutane da yawa suke faɗawa. Ƙa'idar CFPB ta ce in ka miƙa cikakkiyar takardar neman sassauci fiye da kwana 37 kafin ranar gwanjo, dole kamfanin ya duba ta cikin kwana 30, kuma ba zai yi gwanjon ba sai ya ba ka amsa. In ma ka miƙa ta tun kafin su aiko da sanarwar farko, ba za su fara ba sai sun gama dubawa. To ka haɗa lissafin da kanka: sanarwar Jojiya kwana 30 ce, kariyar tarayya kuma tana bukatar fiye da kwana 37. Wanda ya zauna jiran wasiƙar gwanjo kafin ya motsa, yana iya buɗe ta ya tarar kariyar ta riga ta wuce shi. Daga nan sai roƙo, in sun ga dama su ɗage, in ba su ga dama ba shi ke nan. Ƙananan kamfanoni masu kula da basussukan gidaje guda 5,000 ko ƙasa da haka an ɗauke musu yawancin waɗannan sharuɗɗa, sai dai na kwana 120 yana kansu.

Ka lura da cewa "cikakkiya" na ce. Takardar albashi ta baya-bayan nan, bayanan asusun banki na watannin ƙarshe da duk shafukansu har da shafin da babu komai a kansa, takardun haraji, da wasiƙar da kake bayyana abin da ya same ka. Na sha ganin an mayar da fayil baya saboda shafi ɗaya da mutum ya ga fari ne ya jefar. Duk abin da ka aika ka ajiye shaidar aikawa, duk wanda ka yi magana da shi a waya ka rubuta sunansa da kwanan wata.

Cikin wasiƙun nan da ka tara akwai wadda doka ta tilasta musu aikowa kafin makara ta wuce kwana 45, mai ɗauke da hanyoyin sassauci da lambar sashen da ke kula da su. Ka buɗe su yau. Na san kunya ce da fargaba suke hana mutum, amma bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma ma'aikacin da zai ɗauki wayarka aikinsa ke nan daga safe zuwa yamma.

Wa yake bin ka bashin?

Kamfanin da kake aika wa dala 2,400 sau da yawa ba shi ne mai kuɗin ba. Ɗan aike ne: ya karɓa, ya cire ladansa, ya miƙa. Mai bashin na ainihi yana iya zama Fannie Mae ko Freddie Mac, wato manyan kamfanoni biyu masu sayen basussukan gidaje daga bankuna, ko bashin ya kasance da lamunin FHA, hukumar gidaje ta gwamnatin tarayya, ko an haɗa shi da wasu dubbai an sayar wa masu zuba jari. Kowannensu da littafin ƙa'idojinsa, kuma ɗan aiken ba ya tsallake abin da littafin ya ce. Fannie Mae da Freddie Mac duk suna da shafi a intanet inda za ka sa adireshin gidanka ka ga ko bashinka nasu ne. In kuma kuɗin da ka ajiye lokacin saye bai kai kashi 20 cikin ɗari ba, akwai yiwuwar da kamfanin inshorar bashi a ciki, shi ma sai ya sa baki kafin a yafe ko dala ɗaya. Wannan ne ya sa amsa take jinkiri, mai gida ya zaci wulaƙanci ne, alhali fayil ne yake yawo daga tebur zuwa tebur.

Kafin maganar sayarwa

Dillalin da ya zo maka ya tsallake tambaya guda, ban kuma yi mamaki ba, domin mu dillalai ba ma samun la'ada sai an sayar. Tambayar ita ce: wannan ƙuncin na ɗan lokaci ne ko ya zo ya zauna? Ba ka ce an kore ka ba, ka ce an rage awanni. Tazarar da ke tsakanin biyun babba ce.

In kana da dalili mai ƙarfi na zaton awannin za su dawo, ko ka samu wani aikin nan da 'yan watanni, akwai ɗage biya na wani lokaci. Ka sani dai ɗagewa ba yafiya ba ce, kuɗin suna nan suna jira, don haka tun farko ka tambayi yadda za a biya su: a dunƙule, ko a rarraba a kan biyan wata-wata, ko a tura su ƙarshen bashin. Wannan na ƙarshe ya yaɗu sosai bayan dokar CARES ta Maris 2020, wadda ta ba masu bashin da gwamnatin tarayya ke mara wa baya damar ɗage biya na kwana 180 da ƙarin wasu 180 a lokacin korona. FHA ma tana da tsarin da take biyan abin da ya taru a madadinka, ta mayar da shi bashi na daban marar kuɗin ruwa, sai an sayar da gida ko an gama babban bashin ka biya.

In kuma samunka ya ragu ne gaba ɗaya amma bai tsaya ba, sai a nemi sake fasalin bashin: a zuba abin da ya taru cikin uwar kuɗi, a tsawaita wa'adi har zuwa shekara 40, wani lokaci a taɓa kuɗin ruwa. Yawan sauƙin da za ka samu ya danganta da watan da ka ci bashin. A farkon 2022 kuɗin ruwan bashin shekara 30 ya ɗan haura kashi 3 cikin ɗari, kafin ƙarshen shekarar ya kai wajen kashi 7. Wanda ya ci da arha babu abin da za a rage masa ta wannan ɓangaren sai tsawaita wa'adi. Ka kuma duba takardar biyanka da kyau, domin mai yiwuwa cikin dala 2,400 ɗin nan akwai harajin gida da inshora, su kuwa sake fasalin bashi ba ya taɓa su.

A nan ne ƙanenka zai yi rana. Wata uku na biya dala 7,200 ne, sai tara da 'yan caje-caje. In ya ranta maka ka cike wannan, bashin ya koma daidai, maganar gwanjo ta mutu. Amma kada ka karɓi kuɗinsa in ka san wata mai zuwa ma ba za ka iya biya ba. Na ga mutane sun kwashe kuɗin fansho, sun ci bashin 'yan'uwa, sun cike gurbin wata shida, daga baya gidan ya tafi, kuɗin ya tafi, zumunci ya yi tsami. Ka zauna da biro da takarda ka rubuta abin da yake shigowa yanzu, ba abin da kake fatan zai shigo ba. In gidan ya fi ƙarfinka ko bayan an sassauta, to sai mu zo kan sayarwa.

Giɓin ya fi yadda kake zato

Kana kallon 312,000 da 295,000, kana ganin tazarar dala 17,000. Ba haka lissafin yake ba. Mu ƙaddara an sayar a 295,000 cif. La'adar dillalai da kuɗin lauyan rufe ciniki da harajin canjin mallaka da sauran tarkace, mu ce sun ci dala 21,000 a misali. Saura 274,000. Bankin farko kuma ba 312,000 yake bin ka ba, domin kuɗin ruwan watannin da ba ka biya ba da tara sun hau, mu ce 318,000, kuma yana ƙaruwa duk wata. Giɓinsa dala 44,000 ke nan. Ka ɗora na rufi, 18,000, wanda a wannan lissafin ko sisi bai samu ba. Abin da kake roƙon a bar maka ya kai dala 62,000.

Me zai sa banki ya yarda? Ba tausayi ba ne, shi ma lissafi yake yi. In ya ƙwace gidan zai biya lauyoyi, ya fitar da mai gida, ya ci gaba da biyan haraji da inshora, ya yanke ciyawa, ya gyara abin da ya lalace a gidan da ba kowa, sannan ya biya dillali ya sayar, galibi a farashin da bai kai na gidan da mutane ke ciki ba. In abin da zai samu ta hannunka ya fi wannan, zai saurare ka. Bankuna sun koyi darasin nan ne da tsada bayan farashin gidaje ya kai ƙololuwa a 2006 ya fara zubewa, har miliyoyin mutane suka wayi gari bashinsu ya fi gidajensu. Gwamnati ta fito da shirin HAMP a 2009 don sake fasalin basussuka, da HAFA a 2010 don tsara irin wannan sayarwa, duka biyun an rufe karɓar sababbin masu nema a ƙarshen 2016. Yau cinikin ya yi ƙaranci, domin yawancin masu gidaje darajar gidansu ta zarce bashinsu. Waɗanda abin yake kamawa yanzu galibi irinka ne, da suka saya lokacin tsada da ɗan ƙaramin kuɗin ajiya.

Yadda ake yi kuwa, gidan naka ne har ranar rufe ciniki, kai za ka sa shi a kasuwa, kai za ka sa hannu a tayin mai saye, amma da sharaɗin sai banki ya amince. Bankin zai aiko da nasa mutumin ya kimanta gidan. Wannan ziyarar tana da muhimmanci fiye da yadda ake ɗauka. Mai kimantawar yakan zo a gurguje, ya ɗauki hotuna, ya kwatanta da gidajen unguwa da aka sayar, ya tafi. Na taɓa riƙe wani gida da aka kimanta da tsada har banki ya ƙi tayin da ke hannunmu, ashe mutumin bai sauka ɗakin ƙasa ba, inda bango ya tsage ruwa yana tsattsafowa. Sai da muka ɗauki hoton tsagar da ma'auni a jikinta, muka haɗa da takardar ɗan kwangila mai nuna kuɗin gyara, sannan aka sake kimantawa. Tun da dillalinka ne zai tarbi mutumin, ka tambaye shi ko ya taɓa kai irin wannan ciniki ƙarshe, da wane irin bashi. Wanda bai taɓa ba zai koya ne da gidanka.

Ana ɗaukar watanni, kuma masu saye suna gajiya su tafi. In mai saye ya janye, wani lokaci sai an koma kusan farko. Duk wannan lokacin kada ka ɗauka maganar gwanjo ta tsaya don kawai an kafa allon sayarwa a ƙofar gida. Sashen da ke duba cinikinka daban, lauyoyin da aka ba aikin gwanjo daban. In an sa rana aka ce maka a waya an ɗage, ka nemi a rubuto, dillalinka kuma ya kira ofishin lauyoyin ya tabbatar.

Takardar amincewa

Nan ne zuciyar maganar, kuma nan ne kalmar dillalinka ta "zai ƙyale ka" take bukatar gyara. Ranar da ka ci bashin nan abu biyu ka sa wa hannu: alkawarin biyan kuɗi, da jinginar gida. Banki yana iya sakin jinginar don ciniki ya wuce, ya riƙe alkawarin. Gida ya tafi, bashi yana nan, ya koma bashi marar jingina da za a iya kai ka kotu a kansa, ko a sayar wa kamfanin karɓar basussuka ya taso ka bayan shekaru, lokacin da ka fara farfaɗowa.

Wasu jihohi sun toshe wannan ƙofa. A Kalifoniya, tun 2011 doka ta hana mai bashin da ya amince da irin wannan sayarwa ta gidan zama ya dawo neman ragowa. A Jojiya abin da zai kare ka shi ne abin da aka rubuta. Akwai ma wani abu da ya kamata ka sani: in gwanjo aka yi a Jojiya, banki ba zai bi ka ragowa ba sai ya kai rahoton gwanjon gaban alƙali cikin kwana 30, alƙali ya tabbatar an sayar a farashin da ya dace da kasuwa. Wannan shinge na gwanjo ne, bai shafi sayarwar da ka yi da hannunka ba. Ke nan mutumin da ya sayar da giɓi ba tare da rubutacciyar yafiya ba yana iya kasancewa ya gudu bai tsira ba.

Na tuna wata baiwar Allah da takardar amincewarta ta iso bayan doguwar jira, mai saye ya ƙosa, ita ma ta riga ta ɗaure kaya. Shafin farko lafiya lau: farashi, ranar rufewa, la'ada. A shafi na biyu, can ƙasa, layi ɗaya ya ce bankin ya saki jingina amma yana riƙe da haƙƙinsa na neman abin da ya rage. Ta ce mu sa hannu kawai, ta gaji. Muka kai wa lauya, aka mayar da takardar, aka yi ta ja-in-ja, a ƙarshe suka cire layin suka rubuta cewa sun karɓi kuɗin a matsayin cikakken biya, ita kuma ta ba da wani ɗan kuɗi a ranar rufewa. Abin da za ka nema ke nan: a ce a fili an yafe ragowar, an rufe bashin. Takardar da ta yi shiru a kan ragowa, ka ɗauke ta a matsayin wadda ba ta yafe ba. Ƙa'idojin Fannie Mae da Freddie Mac da FHA galibi suna kai wa ga yafiya in an bi tsari, amma ko a nan sai idonka ya gani. Kuɗin lauya na awa ɗaya ko biyu a kan wannan takarda, a ganina, shi ne kuɗi mafi amfani da za ka kashe a duk lamarin.

Kuma takarda biyu kake bukata, domin masu bin ka biyu ne. Mai bashin rufi shi ne ya fi wuyar sha'ani. In aka yi gwanjo jinginarsa ta share, don haka yana da dalilin sasantawa, amma ya san ciniki ba zai wuce ba sai da sa hannunsa, sai ya ja. Bankin farko yakan bar masa ɗan wani abu daga kuɗin. A ƙa'idojin da Fannie Mae da Freddie Mac suka fitar a 2012 sun ƙayyade dala 6,000 ga duk masu jinginar da ke baya. Wani lokaci zai nemi ka ƙara masa a ɓoye, ba tare da an sa a takardar rufe ciniki ba. Kada ka yarda. Duk dalar da za ta motsa ta bayyana a takarda. In kana da bashin ƙungiyar masu gidajen unguwa ko na haraji, su ma ka faɗa wa dillali tun yanzu, kada su ɓullo ana saura kwana biyu a rufe.

Batun ƙanenka

A kusan duk irin wannan ciniki za a ba ka takardar rantsuwa, kai da mai saye da dillalai ku sa hannu cewa babu dangantaka ko hulɗar kasuwanci tsakanin mai sayarwa da mai saye, kuma babu wata yarjejeniya ta ɓoye cewa za ka ci gaba da zama ko za a mayar maka da gidan daga baya. Dalilinsu a bayyane yake: ba za su yafe dubban daloli ba gida kuma ya tsaya a hannun dangi. Sa hannu a kan ƙarya a nan zambar bashin gida ce, laifi ne na tarayya, kuma ƙanenka ma zai shiga ciki. Sa sunan abokinsa ko na wani kamfani da ya buɗe bai canza komai ba. Abin da doka ba ta hana ba shi ne ya sayi gidan a farashin da zai biya basussukan biyu gaba ɗaya. In banki ya samu kuɗinsa cif, babu ruwansa da wanda ya saya. Sai dai ƙanenka zai biya abin da ya haura darajar gidan da dubban daloli, wannan kuwa shawara ce ta tsakaninku.

Da zarar sunanka ya fito a tallar jarida, wayarka za ta cika da masu son "taimako". Ƙa'idar tarayya ta hana kamfanonin da ke iƙirarin sasanta bashin gida karɓar kuɗi kafin su kawo maka rubutaccen tayi daga banki ka kuma amince da shi. Wanda ya ce ka biya tukuna, ka kashe waya. Mafi haɗari su ne masu cewa ka rubuta musu gidan su ci gaba da biya a madadinka. Gida ya koma nasu, bashi yana sunanka, ranar da suka daina biya kai za a nema. Masu ba da shawarar gidaje da ma'aikatar gidaje ta tarayya, wato HUD, ta amince da su suna yin wannan aikin kyauta, za su kuma taya ka haɗa fayil.

Haraji da sunanka a wajen masu ba da bashi

Hukumar haraji ta IRS tana ɗaukar bashin da aka yafe a matsayin kuɗin shiga. In an yafe dala 600 ko sama da haka za a aiko maka da fom 1099-C. Ka ga dala 62,000 a kan samun shekara ba ƙaramin abu ba ne. Akwai mafita biyu. Ɗaya ita ce dokar 2007 da ta ɗauke haraji a kan bashin gidan zama da aka yafe, in an ci shi ne don saye ko gini ko babban gyara. Doka ce mai wa'adi, an sha sabunta ta, sabuntawar ƙarshen 2020 ta kai ta ƙarshen 2025 ta kuma rage iyakar zuwa dala 750,000, don haka kada ka jingina da ita sai mai lissafin haraji ya tabbatar maka ta shafi shekarar da ka rufe ciniki. Ɗayar ba ta da wa'adi: in a daidai lokacin yafiyar jimillar basussukanka ta fi jimillar duk abin da ka mallaka, ana cire maka gwargwadon wannan tazarar, ta hanyar fom 982. Mutane da yawa a halinka suna shiga ƙarƙashin wannan. Ka ga mai haraji kafin ka sa hannu, ba bayan fom ya iso ba.

Game da makin bashinka, wato makin da masu ba da bashi suke auna amanarka da shi, kada wani ya ruɗe ka cewa sayarwa da giɓi ba ta taɓa shi. Makarar wata uku ta riga ta yi ɓarna, kuma irin wannan tabo shekara bakwai yake yi a rahoto. Bambancin da ya fi fitowa fili yana wajen sake sayen gida. A ƙa'idar Fannie Mae ana jiran shekara huɗu bayan sayarwa da giɓi, shekara bakwai bayan ƙwace gida, ana kuma ragewa ga wanda ya kawo shaidar cewa lalura ce ta fi ƙarfinsa. A FHA galibi shekara uku ce a duka biyun.

Akwai sauran hanyoyi biyu da ban zauna a kansu ba. Miƙa wa banki takardar gida da hannunka a rabu, wanda bashin rufin nan zai kawo wa cikas, domin bankin farko ba ya son karɓar gida da jinginar wani a kai. Sai shigar da ƙarar gazawar biyan bashi ƙarƙashin babi na 13 na dokar fatarar kuɗi ta Amurka, wadda take tsayar da gwanjo nan take ta ba mutum shekara uku zuwa biyar ya biya abin da ya taru. Wannan ta lauya ce tsantsa, kuma tana amfani ne ga mai samun da zai iya ɗaukar biyan wata da ƙari a kai.

Da ni ne a matsayinka, a wannan makon zan buɗe wasiƙun, in gano mai bashin, in kira mai ba da shawara na HUD, in miƙa cikakken fayil kafin kwana 120 su cika, in kuma nuna a ciki cewa ina son a duba ni a kan duk hanyoyin, na riƙe gida da na rabuwa da shi. Takardar nema ɗaya ce take buɗe dukansu. Dillalin kuma in ce masa ya kawo mini gidaje uku ko huɗu na unguwar da aka sayar kwanan nan, a rubuce, in kuma nemi wani dillalin daban ya kimanta, domin dala 295,000 ɗin nan zuwa yanzu bakin mutum ɗaya ne ya faɗe ta.